Daga Ɗigo Zuwa Dagi: Makonni Shida Ina Koyon Rangoli a Lesta

Sallama gare ku 'yan uwana masu koyon zane. Alkawari kaya ne, to ga shi na sauke. Na tattaro abin da na riƙa rubutawa a ɗan littafina daga farkon Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamban 2023, lokacin da na duƙufa koyon rangoli a nan Lesta, garin nan na Ingila da yawancinmu muka fara jin sunansa a bakin 'yan ƙwallo, sa'ad da Ahmed Musa ya zo a 2016. Rangoli zane ne da Indiyawa ke yi a ƙasa, a bakin ƙofa, da gari mai launi, musamman idan bikinsu na Diwali ya gabato.

Asabar, 7 ga Oktoba

Malamata maƙwabciyata ce, tsohuwa 'yar asalin Gujarat, wata jiha a yammacin Indiya. Duk layinmu Masi ake ce mata, wato inna, ita kuma tana kirana dikri, wato ɗiyata. Mu huɗu ne ke zuwa wurinta ranar Asabar bayan azahar.

Na je da girman kaina, ba zan ɓoye ba. Shekara nawa ina zanen lalle, amare nawa na yi wa, ai gari ba zai gagare ni ba. Sai ta ajiye min baƙin faranti da ɗan kwanon garin shinkafa, ta ce in ja miƙaƙƙen layi guda. Layi kawai. Ana tsunkulo garin ne tsakanin babban yatsa da manuniya, a riƙa murzawa a hankali yana zuba yayin da hannu ke tafiya. Nawa ya fito kamar inda kaza ta yi tono: nan tudu, can fili, can kuma ba komai. A lalle hannunki na jingine da fata, ke ce ke matso shi ya fito. A nan hannu a sama yake, tazarar kamar yatsa guda daga ƙasa, garin da kansa yake faɗowa. Idan kin yi sanɗa sai ya taru, idan kin yi gaggawa sai ya tsinke. Awa biyu na yi ban ja layin da Masi ta ce “to” ba.

Abin da na gano a gida: garin shinkafar kanti ya cika laushi, da ya ji gumin yatsa sai ya dunƙule. Na gauraya awo biyu na gari da awo ɗaya na gishiri mai laushi, sai ga shi yana sulalewa. Ku gwada kafin ku ɗora wa hannunku laifi.

Asabar, 14 ga Oktoba

Yau ce ranar da abin ya kama ni. Ɗaya daga cikinmu 'yar Tamil ce, daga kudancin Indiya, kuma a wurinsu zanen ƙofa ba sai da biki ba. Kolam suke kiransa, mata kan yi shi kullum da asuba bayan sun share ƙofar gida sun yayyafa ruwa, da farin garin shinkafa zalla, tururuwa da tsuntsaye su samu abin ci. Ta jera ɗigo-ɗigo a layi, sannan ta ja zare guda na gari yana ratsawa tsakaninsu, yana kewaye kowane ɗigo ba tare da ya taɓa shi ba, har ya dawo inda ya faro. Ina kallo sai na ce, ai wannan dagi ne! Dagin nan da ke jikin bangon gidajen Zariya da Kano, da kan huluna da wuyan riguna. Na nuna musu hoto a waya, suka yi ta juya shi suna neman inda zaren ya fara. Ban ce ɗaya ya samo daga ɗaya ba, amma dai idon da ya saba da dagi ba zai sha wuyar kolam ba.

Ga wani abu da ya hana ni barci, kuma zai yi muku amfani. Idan kika jera ɗigo layi 3, kowane layi ɗigo 4, kika ja zaren a karkace yana juyowa duk inda ya kai gefe, zare ɗaya tak zai kewaye duka 12 ya rufe kansa. Ki yi 4 da 5, shi ma zare ɗaya. Amma ki yi 4 da 4, sai zaren ya rufe da wuri, sai kin ja huɗu dabam-dabam kafin ki gama. 4 da 6 kuma biyu za ki ja. Na cika shafi shida da fensir kafin in fahimci dokar: ki nemi babbar lambar da ke raba lambobin biyu ba saura, ita ce yawan zaren da za ki ja. Mai son zane mai zare guda sai ta zaɓi lambobin da ba abin da ke raba su tare sai ɗaya. 'Yar Tamil ɗin dariya ta yi, ta ce kakarta ba ta taɓa yin lissafi ba, hannunta ne ya sani.

Asabar, 21 ga Oktoba

Ruwa aka wuni ana yi, ba mu yi wani aikin kirki ba, sai hira. Na tambayi Masi me ya sa take koya mana a kan allon katako, ba a dandamalin ƙofa ba kamar yadda nake gani a finafinansu. Ta nuna min taga. Diwali yakan faɗo ne tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba, a daren da wata ya ɓace. A Indiya lokacin damina ta wuce, ƙasa ta bushe. A nan kuwa shi ne lokacin ruwa da iska, ƙofar gida kan titi take buɗewa, cikin gida kuma duk kafet ne. Don haka aka koma allo: a zana a kai, a ɗauka a ajiye a zaure, idan sama ta yi haske a fito da shi. Wasu har gam suke shafawa don garin ya zauna, abin da Masi ba ta so ko kaɗan. Ta ce zanen da ba ya sharuwa hoto ne.

Ita kanta ba a Indiya ta koya ba. A Kamfala aka haife ta. A watan Agustan 1972 Idi Amin ya ba Indiyawan Yuganda kwana 90 su fice daga ƙasar, wajen mutum 28,000 suka taho Birtaniya. Hukumar birnin Lesta har talla ta buga a jaridar Uganda Argus tana ba su shawarar kada su zo nan, wai ba gidaje ba makarantu. Dubbai suka zo duk da haka, suka kama shagunan titin Belgrave da suka fara mutuwa, suka tayar da su. Yau titin cike yake da shagunan gwal da na sari da na kayan zaƙi, ana masa laƙabi da Golden Mile. A 1983 aka fara ƙawata shi da fitilun Diwali, bana, 2023, shekara 40 ke nan.

Tana ba mu labarin tana soya mana rogo da barkono da lemun tsami. Mogo suke ce masa, daga kalmar Suwahili ta rogo. Ni dai na ci na ce da akwai ƙuli-ƙuli da an gama magana.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Makon launi, makon asara. Na ƙudurta ba zan sayi garin kanti ba, da kayan kicin ɗina zan haɗa. Kurkum ya ba ni rawaya mai kyau, sai dai ya rina min yatsu kwana uku. Garin kuka ya ba ni kore, ɗan dusasshe amma yana zuba lafiya lau, kuma Masi ta shinshina ta tambaye ni ko magani ne. Garin lalle ma kore ne, amma kada ki kuskura ya ji danshi a kan tayil. Gawayi na daka don baƙi.

Zoɓo ne ya ci amanata. Na jiƙa shinkafa a ruwansa ina jiran ja, da ta bushe sai ta koma wani launi tsakanin toka da shuni, kamar tsohon zane. Dole na koma ga kalar abinci: ɗigo kaɗan a cikin gishiri, a girgiza a leda, a baza a faranti ya kwana. Don ruwan lemo kuwa ba abin da ya kai jan waken nan nasu ƙanana da suke miyar dal da shi.

Wajen cike fili mai faɗi, bar yatsa, ɗauki rariyar shayi ki riƙa bubbuga gefenta. Da'ira kuma da faifai da murfin tukunya nake fitar da ita da alli. Kuskuren da na yi ta maimaitawa shi ne fara cikewa daga gefe, sai hannun rigata ya share abin da na gama. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, farin layin iyaka kuma shi ne na ƙarshe, shi ke rufe duk wata ɓarna.

Na yi taurin kai na gwada ɗaya a ƙofar gidana da yamma. Minti arba'in ya yi a duniya.

Talata, 7 ga Nuwamba

Fitilu. Diya suke kiransu, 'yan ƙananan kasake na yumɓu, kuma sunan bikin ma daga nan ya fito, ma'anarsa jerin fitilu. Duk wadda ta taɓa ganin aci-balbal a ɗakin kakarta ta san abin. Sababbi sai an jiƙa su a ruwa na wasu awanni an shanya, in ba haka ba yumɓun zai shanye man. Lagwani da auduga ake murza shi a tafin hannu, a zuba man shanu ko man riɗi. Na farko da na murza ya yi kauri, ya yi ta hayaƙi har ƙararrawar gobara ta ɗakin girki ta tashi. Shi ya sa gidaje da yawa a nan suka koma 'yan kyandirori da fitilun batir, su bar na yumɓu biyu ko uku don ɗakin ibada.

Masi ta ce kowace ƙasa da yadda mutanensu suka sarrafa abin. A Tirinidad, tsibiri a yankin Karibiyan, inda aka fara kai Indiyawa aikin rake a 1845, gora suke tsagawa su lanƙwasa ta su jera fitilun a kai, da man kwakwa, kuma ranar hutu ce ta ƙasa baki ɗaya. A nan Ingila ba hutu, mutum zai tashi aiki ne ya zo ya kunna fitilarsa, amma doka ta ɗaga musu ƙafa: wasan wuta da aka hana bayan 11 na dare, a daren Diwali an yarda har ƙarfe 1.

Wata a cikinku ta tambaye ni ko koyon wannan zane bai taɓa addini ba, kuma tambaya ce mai kyau. A wurin mabiya addinin Hindu bikin ibada ne. Suna tuna dawowar Rama, ɗaya daga cikin waɗanda suke bauta wa, garin Ayodhya bayan shekara 14 a daji, suna kuma share gida su yi zane a ƙofa don tarbar Lakshmi, wadda suke danganta arziki da ita. 'Yan kasuwar Gujarat har sababbin littattafan lissafinsu suke kaiwa a yi musu addu'a. Ni tun ranar farko na gaya wa Masi iyakata: fure da dagi da lissafin ɗigo zan koya, ba na zana gumaka ko alamominsu, ba na zama wurin bautarsu. Ta ce ai a Kamfala maƙwabtansu Musulmi ne, ba sai na yi dogon bayani ba. Idan lokacin la'asar ya yi ma ita ke tuna min.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Ranar Diwali. Na fara aikina ƙarfe tara na safe a kan allo mai faɗin kamu biyu. A tsakiya na sa ɗigo 4 da 5, na kewaye su da farin zare guda, sai da'irar kurkum, sai ganyaye takwas na kuka, sai jan waken a baki. Awa uku da rabi, gwiwoyina har yanzu suna ba ni labari. Zaren ya tsinke min sau biyu a kusurwa, na gyara da tsinken ashana. Ganye ɗaya ya fi sauran ƙiba. Masi ta zo ta tsaya a kai, ta daɗe ba ta yi magana ba, sannan ta nuna wuraren biyu da na yi gyara, daidai, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ta ce layina ya fara zama layi.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna duhu ya rufa. Muka taka zuwa Belgrave, an rufe titin ga motoci, fitilu sama da 6,000 a sama, mutane maƙil har ba ka zaɓar inda za ka sa ƙafa. Ga masu ganga, ga layi a ƙofar kowane shagon kayan zaƙi ana sayen jalebi da barfi. Ba Hindu kaɗai ba, akwai mabiya addinin Sikh da su ma suke da nasu bikin a wannan rana, akwai Turawa da 'yan Somaliya da yaransu a kafaɗa. Ni kuwa idona na ƙasa, ina leƙen zauruka da tagogin shaguna. Na ga na gari, na ga na furanni, na ga na roba da ake saye a shimfiɗa. Na ga wani da aka yi da shinkafa zalla wanda layinsa bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba, na tsaya a gabansa har aka fara ture ni.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Sabuwar shekarar 'yan Gujarat na biye da Diwali, kuma gaisuwarta “Sal Mubarak”, ba sai an fassara mana ba. Masi ta aiko jikanta da kwanon gugura, wani soyayyen fulawa mai cikin kwakwa da sukari, na mayar da kwanon da dubulan.

Yau da safe na share allon. Na ɗan yi jinkiri da tsintsiya a hannu, ba zan yi ƙarya ba. Waken na tsince na ajiye, sauran ya tafi kwandon shara, don garin da aka haɗa da gishiri da kala bai dace a zuba wa tsuntsaye ba. Nan gaba zan gwada niƙa shinkafar da kaina, ɓarza-ɓarza, ko za ta zuba ba tare da gishiri ba.

Aikin Asabar mai zuwa shi ne fitar da dagin Arewa sak a kan ɗigo. Na gwada sau uku a takarda, kunnuwansa huɗu suna fita amma murabba'in da ke ratsa tsakiya yana ƙin zama. Masu ɗinkin hula a cikinku, ku ƙirga min gida nawa kuke bari tsakanin kunne da kunne.