A zauna tare kafin a ja layin farko

Yawancin wutar da gini zai riƙa sha shekara da shekaru, a kan takarda ake ƙayyade ta, tun ba a haƙa harsashi ba. Abin da aka saba shi ne mai zane ya gama aikinsa, ya miƙa wa injiniyan ƙarfe da kankare, sai daga baya a kira injiniyan na'urori a ce ya sanyaya ginin. To me ya rage masa? Ya tarar da bangon gilashi yana kallon yamma, dole ya rubuta babbar na'urar sanyi.

Maganin shi ne a tara kowa tun zaman farko: mai ginin, mai zane, injiniyoyi, mai ƙididdigar kuɗin aiki, ɗan kwangila, har da wanda zai kula da ginin bayan an tare. A amince da adadi guda a rubuce, wato kilowat-awa (ma'aunin wutar da aka sha) nawa kowane murabba'in mita zai ci a shekara, kuma kowace shawara a gwada ta a kwamfuta a ga ko ta dace da shi.

A wuri mai zafi, tsawon ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli kudu da arewa, inda 'yar rumfa a saman taga ta isa ta tare rana. Ranar yamma kuwa a kaikaice take shigowa, rumfa ba ta yi mata komai. Hasken rana mai ƙarfi kan kai kusan wat 1,000 a murabba'in mita, kuma farin gilashi falle ɗaya yana barin fiye da kashi 80 cikin ɗari na zafin ya wuce ciki. Bayan tagogi sai rufi mai farin launi da kayan tare zafi a ƙarƙashinsa, sai fitilun LED, domin duk wat ɗin da fitila ta ci, zafi yake komawa a ɗaki.

Na'urar sanyi ita ce ta ƙarshe a lissafi. Wadda ta fi ƙarfin ɗakin takan riƙa tashi tana mutuwa a kai a kai, ba ta samun lokacin janye laimar iska, ga shan wuta. Idan an rage girmanta, bututu da waya ma sun ragu, rarar kuɗin kuma ta taimaka wajen sayen kayan tare zafi.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne lokacin rage kuɗi. A cire kayan tare zafin rufi, ko a sauya gilashi da mai araha, ba a gaya wa injiniyan na'urori ba, alhali ƙaramar na'urarsa da su aka lissafa ta. Don haka duk canjin kaya a wurin aiki, komai ƙanƙantarsa, a mayar da shi gaban waɗanda suka yi lissafin kafin a sa hannu.