Awon tantance yara a Zariya: yadda muke yi da wuraren da ake kuskure

Aikina awon yara ne, wata rana a ƙaramin asibiti lokacin riga-kafi, wata rana a makarantun firamare na cikin birni da Tudun Wada da Sabon Gari. Kayan aikin ba su cika jaka ɗaya ba: tef ɗin auna damtse, sikeli, allon gwajin ido, igiya mai tsawon mita 6, tocila da littafin rajista. Kafin in taɓa yaro sai na gaya wa iyayensa cewa wannan awo ba ya tabbatar da ciwo. Tankaɗe ne kawai, yana ware yaran da ya kamata likita ya ƙara dubawa. Idan ba a faɗi haka tun farko ba, uwa takan koma gida da tashin hankali a kan abin da ƙila dauɗar kunne ce.

Shekarun yaro ake fara nema, domin a kansu ake ɗora komai. Idan babu katin riga-kafi, ina haɗa haihuwar da azumi, ko babbar sallah, ko faɗuwar damina, har mu kai ga wata. Bakwaini kuwa ana rage masa lokacin da ya rage bai cika ba, har ya kai shekara 2. Wanda aka haifa saura wata 2, idan ya cika wata 8, da ma'aunin ɗan wata 6 za a duba shi.

Awon tamowa na yara ne daga wata 6 zuwa wata 59. A hannun hagu ake yi. A lanƙwasa gwiwar hannu, a nemo tsakiya tsakaninta da ƙashin kafaɗa, sannan a saki hannun ya sauka kafin a zagaya tef. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya, daga 12.5 zuwa sama kore. Masu sabon hannu sukan ja tef har ya shige fata, ko su auna a kan riga, kuma rabin santimita ya isa ya fitar da yaro daga wani launi zuwa wani. Bayan tef sai a danna bayan ƙafafu biyu da manyan yatsu na daƙiƙa 3. In rami ya zauna a duka biyun, tamowa ce mai tsanani ko da tef ya nuna kore. A nan ne ake yawan ruɗuwa, don kumburin yakan yi kama da ƙiba.

Gwajin ido ya fi kowanne cin lokaci a makaranta, kuma shi ya fi saurin lalacewa. Muna amfani da allon harafin E mai juye-juye, saboda yaron da bai iya karatu ba zai iya nuna da yatsu inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Nisan mita 6 da igiya nake aunawa, ba da taku ba. Haske ya sauka a kan allo, kada ya haske idon yaro, shi ya sa na fi son inuwar baranda a kan aji mai duhu. Sai na fara koya wa yara a kusa da E na kwali, domin da yawa daga waɗanda ake cewa sun kasa, wasan ne ba su gane ba. Ido ɗaya ake gwadawa a lokaci guda, a rufe ɗayan da tafin hannu ba tare da dannawa ba. In an danna, gani kan dushe na ɗan lokaci, in kuma da yatsu aka rufe, yaro zai leƙa. Masu jiran layi su tsaya inda ba sa ganin allo, domin yaran da suka saba hadda tun daga makarantar allo ba wuya su haddace jerin, wani ma ya raɗa wa abokinsa. Duk wanda ya kasa karanta layin da ke da alamar 6/12 a kan allon da kowane ido ɗaya, ina sake gwada shi, in ya sake kasawa in rubuta masa takarda. Wanda ido ɗaya ne mai rauni ba ya ƙorafi, ga shi gyaran irin wannan ya fi kamawa kafin shekara 7 zuwa 8. A jarirai kuwa, farin abu a tsakiyar baƙin ido ba ya jira, a wannan makon za a kai shi, don yana iya zama yanar ido ko ciwon daji na ido. Nakan kuma tambaya ko yaro na tuntuɓe bayan magariba, domin dundumi alama ce ta ƙarancin sinadarin bitamin A.

Tafa hannu kusa da jariri ba gwajin ji ba ne. Yana jin iskar tafin a fatarsa, yana ganin motsi, sai ya waiwayo ko da kurma ne. Ƙa'idar da aka sani ita ce a gwada jariri da na'ura cikin watan farko, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Inda babu na'urar, tarihi nake bi: shawara mai tsanani bayan haihuwa, sanƙarau, ƙyanda, hangum, ko kunne mai zubar da mugunya. Ɗan makaranta kuma ina fara haska kunnensa, sannan in tsaya bayansa nisan hannu guda, a toshe ɗaya kunnen ana murzawa a hankali, in fitar da numfashina duka kafin in raɗa lambobi. In ban fitar da numfashin ba, raɗar kan yi ƙarfi, kowa ya ci.

Tambayar girma da halayya ita ce ta fi buƙatar iya magana. Idan ka ce "Ya yaron?", amsar "lafiya lau" ce. Idan ɗan fari ne, uwar ma ba za ta yarda ta yi ta zancensa ba saboda alkunya, sai in juya ga kaka ko wadda ke goyonsa: "Inna, in kin kira sunansa daga bayansa, yana waiwayowa? In yana son ruwa, yana nuna randa da yatsa?" Iyakokin da nake riƙewa su ne zama ba jingina a wata 9, gwalan-gwalan da nuni a wata 12, tafiya a wata 18, haɗa kalma biyu a shekara 2. Yaron da ya iya abu sannan ya daina, ko nawa ne shekarunsa, ba a ce masa a jira. Don galahanga, larurar da ke taɓa magana da mu'amalar yaro da mutane, akwai takardar tambayar iyaye da ake kira M-CHAT-R mai tambaya 20, ta yara daga wata 16 zuwa 30. Maki 0 zuwa 2 ba damuwa, 3 zuwa 7 a sake zama da iyaye a bi tambayoyin dalla-dalla, 8 zuwa sama a tura kai tsaye. Ban dogara da kallon ido a gabana ba, domin yaranmu na ƙyuyar baƙo, manyansu kuma an hore su da sunkuyar da kai. Duk wanda maganarsa ta yi jinkiri, kunnensa za a fara dubawa. Kalmar "ɗan ruwa" da ake liƙa wa yaron da ya kasa zama tana ci mini rai, don tana cinye watannin da gashin ƙashi na asibiti zai fi amfani.

Malamai kan kawo mini wanda suke kira daƙiƙi ko mai ƙiriniya. Ido da kunne nake fara bi, sai in duba tafin hannu da cikin fatar ido ko jini ya yi ƙasa, in tambayi karin kumallo da barci. Ƙiriniyar da ake tura wa likita ita ce wadda ta kai wata 6 kuma ake ganinta a gida da boko da islamiyya, ba a aji ɗaya kaɗai ba. Yaron da kan ƙame yana kallon wuri guda na 'yan daƙiƙu, a kira shi bai ji ba, sau da yawa a rana, wannan na iya zama wata irin farfaɗiya mai jin magani.

Sikila a taƙaice: iyaye masu AS da AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na SS. Kumburin hannu da ƙafa mai zafi daga wajen wata 6 alama ce ta farko. Ƙarin jini cikin wata 3 da suka wuce yana ɓata sakamakon gwaji, don haka a tambaya.

Sakamako ba a faɗinsa a gaban aji. Takardar turawa biyu nake rubutawa, ɗaya ga iyaye ɗaya a rajista, da sunan wurin a fili: asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko asibitin koyarwa na Shika, ko cibiyoyin ido da na kunne na ƙasa da ke Kaduna. Takardar da aka miƙa wa uwa ita kaɗai takan kwana a ƙarƙashin katifa, tunda izini da kuɗin mota na hannun maigida. Saboda haka nakan nemi ganinsa, ko in bi ta hannun hedimasta ko mai unguwa, in yi masa bayani da kaina. Bayan mako 2 ina buɗe rajista in bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, wanda bai je ba in ji dalili, in sake sa masa rana.