Farin tabo a kan ɗan tsako

Kajin gida a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, waɗanda ake kira baladi, ba mai iya cewa ga launin da za su ƙyanƙyashe. Baƙar kaza ta yi kwanci, sai ka ga ja, ka ga fari, ka ga mai zane a baya, don jininsu ya daɗe da cakuɗewa. Amma akwai haɗi guda da na gwada, wanda launin tsako ke nuna zakara ne ko mace tun ranar da ya fasa ƙwai.

Na samo kaji wake-wake jinin Plymouth Rock, masu ratsin baƙi da fari, na raba su da kowane zakara har sati 3, domin barbarar zakaran baya takan yi makonni tana aiki a jikin kaza. Daga nan na saka musu jan zakara. Bayan kwana 21 na kwanci, tsaki suka fito baƙaƙe ƙirin, sai dai wasu da ɗan farin tabo a tsakiyar ka, kamar an ɗiga musu kunu. Na ɗaura wa masu tabon zare a ƙafa. Gwaggona ta leƙo akurkin ta ce, "Kai ɗan nan, tsako ma sai an yi masa laya?" Na ce, "Gwaggo, ki bari su yi fiffike." Da suka girma, duk masu zaren nan cara suka yi.

Ga dalili. A kaji, zakara na da ƙwayar gadon jinsi da ake kira Z guda biyu, kaza kuwa Z ɗaya da wata mai suna W ɗaya. Ratsin wake-wake a kan Z yake, kuma uwa 'ya'yanta maza kaɗai take ba Z ɗinta, matan W suke karɓa. Saboda haka ratsin uwa maza ne ke gadonsa, tabon nan shi ne alamarsa ta farko. In aka juya, zakara wake-wake da jar kaza, maza da mata duka da tabo za su fito. Kuma sau ɗaya abin ke ci: in ka haɗa 'ya'yan da junansu, lissafi ya rushe. Shi ya sa nake tausayin masu sayen tsofaffin jajayen kajin gona irin su Hisex Brown, suna zaton za su haifo irinsu. Su kansu haɗi ne, 'ya'yansu kowa da kalarsa.

Kazar Fayumi ta Masar ma tana ruɗin mutane, don ita ma da ratsi a jiki. Nata ratsin ba a kan Z yake ba, tsakinta ba sa yin wannan tabo. Farin zakara kuma, musamman jinin Leghorn, a nisanta shi da akurkin, farinsa yana danne baƙi, tabon ba zai ganu ba ko da yana nan.