Ɗan Bakin Kwara a Bakin Teku

A Yawuri aka haife ni, a bakin Kwara na yi wayo. Kafin in kai izu biyu a makarantar allo na iya iyo, kuma duk abin da na sani game da ruwa a hannun kawuna na koya, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi rayuwarsa tsakanin su da fito. Shi ya nuna mini yadda ake karanta hadari. In gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta taso da ƙura, to naɗe komarka ka nemi gaɓa tun kafin ɗigon farko. Shi ya bambance mini ruwa biyu da kogin ke kawowa a shekara: jan ruwa mai laka na damina, da baƙin ruwa tatacce da ke isowa lokacin sanyi, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini ya kwashe watanni yana ratsa Mali da Nijar. Akwai wata magana da yake yawan maimaita mini in muna cikin jirgi: "Ɗan nan, in ruwa ya ja ka, kar ka yi kokawa da shi. Bi shi a karkace, shi da kansa zai ajiye ka gaɓa."

Da wannan ilimin na fita fatauci, kuma da shi na fara ganin teku.

Albasa ce sana'ata. A watan Yunin 2012 maigidana ya fara tura ni Kwatano, a ƙasar Benin, da kaya. Mun yi lodi a Aliero, muka fita ta Bunza zuwa Kamba, muka ɗan ratsa Nijar ta Gaya, muka haye gadar Malanbil, wato kogin garinmu ne dai muka tsallake ta sama. Daga nan tafiya ce ta sama da kilomita 700, ta Kandi da Paraku. Takardu ba su ba mu wahala ba, fasfon ECOWAS yana ba mutum kwana 90 ba biza, sai dai katin rigakafin shawara da ake tambaya a iyaka. Abin da ya fara canzawa ita ce iska. Tun muna wuce Paraku na ji rigata tana manne mini a baya, gumi yana fita amma ba ya bushewa.

Kwana biyu da sauke kaya a kasuwar Dantokpa, ɗan fatomanmu ya ce zo ka ga teku. Zem muka hau, 'yan acaɓarsu masu rawayar riga, har bakin ruwa a Fijirose. Daren jiya an kwana ana ruwa, sama ba ta gama washewa ba, iska tana bugowa daga teku ba ƙaƙƙautawa. Ƙarar ce ta fara isowa kunnena tun ban ga ruwan ba, wani rugugi mai zuwa yana komawa kamar ana sauke tirelar tsakuwa. Da muka ɓullo daga cikin itatuwan kwakwa na tsaya cak. Ruwa ba tsallake. Duk faɗin tafkin Kainji, in ka zuba ido za ka tsinkayi wani abu a can, ko tudu ko gungu. Nan babu komai sai ruwa ya haɗe da sama, raƙuman ruwa suna tasowa sun fi tsayin mutum, su karye da farin kumfa su shimfiɗu a kan yashi. Na yi tasbihi, idona ya kawo ruwa.

Ɗan fatoma ya ce ba a shiga a wannan watan. Na ji shi. Amma sai na hango wani wuri, faɗinsa bai wuce tsayin tirela ba, inda raƙuman ba sa karyewa. Dama da hagu kumfa na tashi, tsakiya kuwa ruwa ya kwanta, ya ɗan fi sauran duhu. A idon ɗan kogi nan ne mashiga. Na ce iya gwiwa kawai zan tsaya in wanke jiki.

Na kai gwiwa, sai na ji yashi yana zarewa daga ƙarƙashin tafin ƙafata kamar ana janye tabarma. Raƙumi ɗaya ya zo ta gefe ya ɗaga ni, da na nemi ƙasa babu. Na juya na fuskanci gaɓa na kama iyo da duk ƙarfina. Ina ganin itatuwan kwakwa, ina ganin ɗan fatoma yana ɗaga hannu, amma kowace ɗagowa sai in ga sun ƙara ƙanƙancewa. Ruwan gishiri ya shiga hancina da maƙogwarona, ƙirjina ya ɗauki zafi, hannuwana suka yi nauyi. Na yi kalmar shahada a zuci. A lokacin ne maganar kawu ta faɗo mini. Na daina bugun ruwa, na kwanta rigingine na bar shi ya tafi da ni, da numfashi ya dawo na fara iyo a karkace, ina bin tsawon gaɓa maimakon nufar ta kai tsaye. Ban yi nisa ba na ji jan ya sake ni. Masunta da ke jan taru a kusa sun riga sun gani. Wani saurayi ya iyo da jarka ɗaure da igiya, na rungume ta, mutanen gaɓa suka ja mu kamar yadda suke jan kifi.

Da na gama amai, wani dattijo cikinsu ya tsuguna gabana ya zana a kan yashi da yatsa, ɗan fatoma yana fassara mini. Duk ruwan da raƙuma suka tura gaɓa dole ya koma. Sai ya taru ya huda tudun yashin da ke ƙarƙashi, ya yi wa kansa kwararo yana fita da gudu. Shi ya sa wurin ke kwanciya, ruwa mai fita ne yake danne raƙuma masu shigowa. Gudunsa yana iya wuce mita 2 a daƙiƙa, ba gwanin iyon da zai iya gaba da gaba da shi, amma ba shi da faɗi, kuma ba ya jan mutum ƙasa. Gajiya da firgita ke nutsar da mutane. Alamominsa duhun ruwa, rashin kumfa, da shara ko yashi da za ka ga suna tafiya waje. Ya ƙara da cewa daga Yuni zuwa Satumba teku ya fi fushi, ko da a nan rana ake yi, domin raƙuman daga can kudu mai nisa suke tasowa, inda ake guguwar da mu ba mu gani.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne maganin yana kaina tun ina yaro. Ganin gaɓa kusa ne ya sa na manta da shi. Idona kuma, wanda na amince da shi shekara da shekaru, shi ya zaɓa mini wuri mafi haɗari a duk bakin ruwan.

Albasar ma ta sha nata. Mun rufe ragowar buhuna da tamfol saboda ruwan sama, kamar yadda muke yi a gida. A Kebbi in an ɗauke ruwa rana ta fito komai ya bushe. A Kwatano, inda ruwan Yuni kaɗai kan haura milimita 300, laima tana cikin iskar kanta. Kwana uku muka yaye tamfol, wani ɗumi da wari suka buso, kusan kashi ɗaya cikin uku ya ruɓe. Matan kasuwar suka nuna mana yadda suke yi: a ɗora buhu kan katako, a bar rata tsakanin layi, rumfa daga sama amma gefe a buɗe. Ashe rudun da muke ajiye albasa a gida ne dai, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama, mu muka bar hikimar a Aliero.

A shekarun da suka biyo na saba da hanyar gaɓa, Kwatano zuwa Lome zuwa Akra. Gabas da tashar jiragen ruwan Lome an nuna mini guntayen tsohuwar kwalta a cikin ruwa, hanyar da motoci suka taɓa bi teku ya cinye. A Jemstawun na Akra na tarar ranar Talata jiragen su duk suna kan yashi, al'adarsu ce ba a fita su ran nan. A wurin masuntan nan na koyi cikar teku da janyewarsa: sau biyu a yini da dare yake cika ya janye, kowanne kamar sa'a 6, kullum yana jinkirta da kusan minti 50. Abin da ya fi burge ni, da wata yake tafiya. Cika mafi girma tana zuwa ne a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Wato lissafin da muke yi na azumi da salla shi ne lissafin teku. Tun daga nan in zan kwana a garin gaɓa sai na duba kwanan wata na Musulunci, domin in ruwan sama mai ƙarfi ya haɗu da cikar teku, magudanan gari ba su da inda za su zubar.

Daren da ba zan manta ba shi ne na Laraba, 3 ga Yunin 2015, tsakiyar Sha'aban. Ina Akra, kayana suna kasuwar albasa ta Agbogbloshi, masaukina a Nima. Abin mamaki, ruwan da Akra ke samu a shekara bai wuce milimita 800 ba, kusan daidai da na Birnin Kebbi. Amma gari ne a kwance, kogin Odo ya ratsa shi zuwa tafkin Korle sannan teku, shara ta toshe magudanai, an yi gini a kan hanyar ruwa. Ruwan ran nan ba irin namu ba ne mai zuwa da ƙura ya zuba ya wuce. Ya sauka ya zauna. Bayan magariba na shirya zan kama mota ta shataletalen Nkrumah in koma masauki. Wani dattijo ɗan Sabon Zango, mai gadin rumfunan albasa, ya riƙe hannun rigata. "Alhaji, ba inda za ka. Ruwan nan na san shi. Hau saman kaya ka kwana." Na ce masa ina da baƙi a masauki. Ya ce, "Baƙi za su gan ka gobe in Allah ya so."

Da a 2012 ne, da na tafi. Na hau kan buhuna tare da wasu mutum huɗu. Kafin tsakar dare ruwa ya shafe layin buhunan ƙasa, baƙi ƙirin, yana tafe da robobi da takalma da kujerun mutane. Aka ɗauke wuta. Can sai muka ji wata ƙara, sama ta yi ja ta wajen arewa. Da safe muka ji abin da ya faru. Jama'a sun fake wa ruwa a wani gidan mai kusa da shataletalen, mai ya malalo ya bi saman ruwa, wuta ta kama. Fiye da mutum 150 suka rasu, shugaban ƙasa John Mahama ya sa aka yi makokin kwana 3. Wurin yana kan hanyar da zan bi, kuma na san halin matafiyi, in ruwa ya tsare shi rumfar gidan mai yake fara nema. Na je na sami dattijon, na rasa abin faɗa, sai na riƙe hannunsa kawai. Ya ce, "Allah ne, ɗana. Je ka duba kayanka."

Ina da ra'ayi a kan wannan, kuma ina faɗa wa yaran da nake tura wa da kaya yanzu. Bahaushe matafiyi yana tambayar farashi, yana tambayar canjin sefa da sidi, yana tambayar inda masallaci yake, amma ba ya tambayar ina ruwa ke bi in an yi sama. Ita ce tambayar da nake fara yi wa fatoma a kowane gari. Ba na kama ɗakin ƙasa a damina. Fasfo da katin rigakafi da kuɗi suna cikin leda biyu a jikina, ba a jaka ba. In ruwa mai gudu ya kai ƙwauri ba na ratsawa, ko ina ganin tsallake.

Sai ga shi abin da nake tsoro a ƙasashen waje ya same mu a gida. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum sama da 150, lodi ya fi ƙarfinsa. Waɗanda aka ceto da rai 20 ne da 'yan kai. Da yawa daga cikin mamatan mutanen bakin ruwa ne, sun iya iyo kamar ni. Na tsaya a gaɓa ina kallon masu nutso suna fito da gawa ana jerawa, sai jarkar nan ta Fijirose ta dawo mini, yadda abu mai iyo guda ɗaya ya raba ni da mutuwa lokacin da hannuna ya ƙi ɗaguwa.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ɗansa ke riƙe da jirgin fito yanzu. A tafiyata ta gaba na sayo rigunan kariya 12 a wajen masu kayan jirgi, na kawo masa. Da farko fasinjoji sun ƙi sawa, wasu su ce zafi, wasu su ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Na ce masa ya fara da yara da mata masu goyo, kuma kar ya tada inji sai an ɗaure. Ranar kasuwar da ta wuce na bi shi fito. Wata tsohuwa ta karɓi rigar ta juya ta, ta ce, "Ɗan nan, ta ina ake sa kai?" Na durƙusa na zura mata, na ja igiyar ƙirji na ɗaure. Gabas ta fara haɗa baƙi, ɗan kawu ya dube ta, ya dube ni, ya kashe inji ya ce kowa ya sauka a jira hadarin ya wuce.