A ƙasar da ba a san gidanmu ba

A Maraɗi, kafin mutum ya gama gaisawa da kai ya riga ya san inda zai ajiye ka. "Ai ɗan wane ne na Bagalam, jikan wane mai gyaɗa." Shi ke nan, an shimfiɗa maka tabarma, mai kanti ya ba ka bashi, mai gidan haya ya miƙo makulli. Mutuncin da kakanka ya tara kana cin moriyarsa tun ba ka san ana tara shi ba. Duk wanda ya bar gida wannan yake fara rasawa, kuma a wurina rashinsa ya fi sanyin hunturu da kewar fura ciwo.

Cacar biza ce ta kai ni Amurka, bayan na ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a Lise Ɗan Baskore, na kuma ɗan taɓa karatu a jami'ar garinmu mai ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo. Na sauka Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suke da yawa, Zabarmawa da Hausawa. Allah ya saka musu da alheri, su suka ba ni ɗaki, suka nemo mini aikin dare a wani sito, suka nuna mini masallaci da kantin da ake samun naman halal. A cikinsu ina da gida. Da zarar na taka harabar makaranta kuwa, sai in koma mutumin da babu wanda zai iya cewa komai a kansa.

Na fara da kwalejin shekara biyu, inda na yi fama da Turanci don da Faransanci na taso, sannan na wuce jami'a karatun injiniya. Na girmi yawancin ƴan ajinmu. Ina zuwa da barci a ido, in zauna a baya, ana tashi in kama hanya. Ɗaliban can ba su da mugunta. Za su yi maka murmushi, su tambaye ka lafiya suna tafiya, ba su tsaya jin amsa ba. Babu mai tambayar mutanen gida, babu mai cewa zo mu sha shayi. Lissafi ne kaɗai wurin da nake jin ƙafata a ƙasa, domin abin da malamanmu na lise suka dasa mana, waɗanda sai ka yi gumi kafin su ba ka 14 bisa 20, ya tsaya mini ƙwarai.

A shekarata ta uku saƙo ya zo cewa wata ƙungiya mai suna Tau Beta Pi tana gayyatata. Ɗalibi a Amurka yana samun irin waɗannan saƙonni da yawa, wasu ba abin da suke so sai kuɗinka, su aiko maka da takarda mai ado. Don haka na kai wa malamin da ke duba karatuna. Ya ce wannan kam ta gaske ce, shi ma ɗan cikinta ne tun yana ɗalibi, ya jawo aljihun teburinsa ya nuna mini wani ɗan tambarin zinare mai kama da makulli. Ranar ce ya fara tambayata daga wane gari nake, ba wace ƙasa ba.

Ƙungiya ce ta karrama haziƙan ɗaliban injiniya. An kafa ta a 1885 a Jami'ar Lehigh da ke Pensilbaniya, kuma wanda ya kafa ta, Farfesa Edward H. Williams Jr., ya yi hakan ne don ganin tsohuwar ƙungiyar karramawa ta ƙasar, Phi Beta Kappa, ta masu adabi da kimiyya ce, ba ta da wuri ga injiniyoyi. Babbar hedikwatarta tana Knoxville, a jihar Tenesi, tana kuma da rassa a jami'o'i da dama. Ba ka neman shiga, kiranka ake yi. Ɗan shekara ta uku sai ya kasance cikin kashi ɗaya bisa takwas na saman aji, ɗan shekarar ƙarshe cikin ɗaya bisa biyar. Maki kuma ƙofa kawai yake buɗewa. Bayansa sai ƴan reshe sun duba halinka, sun zauna sun kaɗa ƙuri'a a kanka.

Da na gaya wa Baba a waya, bai yi murna ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙungiyar da ba ka nema ba ta neme ka, kuma sunanta wasu baƙaƙe ne da ba na Larabci ba, ba na boko ba? Rantsuwa ake yi? Da me ake rantsewa?" Na ce, "Baba, ban sani ba tukuna." Ya ce, "To ka sani kafin ka sa ƙafa. Ban tura ka can ka sayar da sallarka ba." Duk wanda ya tashi a Maraɗi ya san wannan tsoron ba na wasa ba ne. Mun sha jin labarin ƙungiyoyin asiri da ake cewa manyan ƴan boko na shiga don su samu muƙami, kuma uba da ya tsaya ya yi wannan tambaya ya yi aikinsa.

Na bincika, na kuma gano cewa tambayar Baba tana da tushe a tarihin abin. Phi Beta Kappa, uwar duk waɗannan ƙungiyoyi, ɗalibai ne suka kafa ta ranar 5 ga Disamba 1776 a Kwalejin William da Mary, a Bajiniya, kuma da farko ta sirri ce: da rantsuwar rufe baki, da irin musafaharta, da takenta na Girkanci da ke cewa son ilimi shi ne jagoran rayuwa. A nan suke muhawara kan abin da ba a yarda a tattauna a aji ba. Sai a shekarun 1830, lokacin da jama'ar Amurka suka taso wa ƙungiyoyin ɓoye, ta watsar da sirrin ta zama ta karramawa zalla. Tau Beta Pi ta gaji sunan Girkanci da ɗan ragowar wannan al'ada: bikin shigarwa na ƴan ciki ne, kuma kalmomin da baƙaƙen uku ke wakilta ba a faɗa wa na waje. Sauran komai a fili yake, tsarin mulkinta, sharuɗɗanta, shugabanninta. Na samu wani injiniya Musulmi a masallacinmu wanda ya riga ni shiga, dattijo mai tsoron Allah, ya tabbatar mini babu bauta a ciki, babu sujada ga komai, alkawari ne na riƙon gaskiya a sana'a. Na haɗa shi da Baba a waya suka yi magana ta bakina. Baba ya ce, "In alkawarin gaskiya ne, ai da shi muka san juna. Allah ya sa albarka."

Kafin a shigar da kai akwai ayyuka, kuma wanda ya fi zauna mini a rai shi ne gugar tagulla. Tambarin ƙungiyar ana ce masa Bent, siffar ƙafar gadar jirgin ƙasa ce, wato ginshiƙan da ke ɗaukar nauyi. A reshenmu kowane sabon ɗan takara ana miƙa masa ƙaramin tambarin na tagulla yadda ya fito daga zubi, da kaushi, da tabon yashi, da bakin da narkakken ƙarfe ya tsiyaya ya daskare. Aikinka ka goge shi har ya yi ƙyalli. Wata Asabar aka tara mu a ɗakin injuna, aka zube magagari da sanfefa da tsumma a kan tebur. Yaran da suka fi ni Turanci da kwamfuta suna ta jujjuya abin a hannu, wasu sun fara da sanfefa mai laushi, suna ta wahala a banza.

Ni kuwa a rumfar Kawu na yi hutun makaranta tun ina ƙarami. Kawu yana zuba tukwane ne da tsofaffin kayan alminiyom, a cikin yashi mai danshi da yake dannawa da ƙafa, kuma aikin yara shi ne share bakin tukunya in ta huce. Hannuna ya tuna kafin kaina. Na ɗaure tagullar a matsi, na fara da magagari, turawa gaba kawai, ba a ja da baya da ƙarfi, har kaushin ya kwanta. Sannan sanfefa mai tsauri, sannan mai bi mata, kowace in ka canza sai ka juya hanyar guga don ka ga ko zanen ta baya ya ɓace. Ta ƙarshe da ruwa ake yi. Ban ɗago kai ba sai da na ji wata yarinya na cewa in nuna mata yadda na riƙe magagarin. Kafin azahar mutum biyar ko shida sun kewaye ni, ina bayani da Turancina mai ɗingishi, babu wanda ya damu da ɗingishin. Suka tambaye ni inda na koya, na ba su labarin rumfar Kawu da kasuwar Litinin da Juma'a, har wani ya buɗe taswira a wayarsa yana neman Maraɗi. A wannan ɗakin aka fara kirana da sunana daidai.

Sauran ayyukan na hidima ne. Mun wanke babban tambarin da ke kafe a gaban ginin injiniya. Mun je makarantar yara muna nuna musu yadda ake gina gada da ƴan sanduna a ɗora mata nauyi. Mafi yawa kuwa koyarwa ce kyauta: da yamma muna zama a wani ɗaki, duk ɗan shekarar farko da lissafi ko fizik ya shige wa duhu ya zo. Aka kuma sa mu bi tsofaffin ƴan ƙungiya da malamai mu karɓi sa hannunsu, wanda dabara ce ta tilasta maka ƙwanƙwasa ƙofar da da ba za ka taɓa ƙwanƙwasawa ba. Ta haka na shiga ofisoshin malaman da na yi shekara ina wucewa ta gabansu da sunkuyar da kai.

Ranar shigarwa na sa kwat, bayan an gama na canza zuwa shaddar da Inna ta aiko mini don cin abincin dare. Abin da aka faɗa a ciki na yi alkawarin ba zan maimaita ba, kuma Baba da kansa ya ce kada in karya. Mun sa hannu a littafin reshe, ƙarƙashin sunayen waɗanda suka riga mu shekaru da dama. Kuɗin shiga sau ɗaya ake biya, zama ɗan ƙungiya na har abada ne.

Ba zan ce tsarin ba shi da aibu ba. Maki ba ya nuna wanda ya kwana yana ɗaukar kwali a sito da wanda ya kwana a gadonsa. Na san yara masu kai, ƴan Afirka da baƙaƙen Amurka, da aiki ya cinye musu ɗan abin da ya rage su kai layin. Akwai kuma masu shiga don su rubuta a takardar neman aiki, daga ranar biki ba a sake ganinsu. Ita kanta ƙungiyar ba ta ba mata cikakken zama ba sai 1969, alhali Phi Beta Kappa ta fara karɓarsu tun 1875 a Jami'ar Vermont. Duk da haka abin da na gani ya burge ni, shi ne karramawar ba ta zuwa ita kaɗai. Ana ce maka ka yi ƙoƙari, a kuma miƙa maka alli a ce ga na bayanka. Kuma ga baƙo irina ta yi abin da dangi ke yi a gida. Lokacin da na nemi aikin koyon sana'a a wani kamfani, wadda ta yi mini tambayoyi ta ga sunan ƙungiyar a takardata, ta ce ita ma ƴar cikinta ce. Malaman da suka rubuta mini shaida sun rubuta abin da suka gani da idonsu, ba maki kawai ba. Mutane sun tsaya mini a ƙasar da babu wanda ya taɓa jin sunan kakana.

A wurinmu yaron da ya zo na ɗaya ana kiran sunansa ranar rabon sakamako, a tafa, wataƙila a ba shi littattafai, daga nan kowa ya watse. Ba a haɗa shi da na ɗayan bara, ba a ɗora masa nauyin kowa. Shi ya sa nake ta damun ƙanena, wanda ke jami'ar Maraɗi yanzu. Ranar Asabar, in ƙarfe goma na safe ta yi a nan, la'asar ta kusa a can, yakan tara ƴan ajin bak na unguwarmu a fadarsu, wato wurin zaman hirar samari, a ɗora shayi, a jingina waya da kwalba, in yi musu lissafi ta WhatsApp har inda intanet da wutar lantarki suka bari. Abokansa uku daga jami'a sun fara zuwa suna karɓar darasin in layi ya yanke, kuma sun fi ni amfani, don su suna ganin fuskar yaron da bai gane ba.

Yanzu gardama muke yi da shi a kan mataki na gaba. Ni ina son su je wurin malamansu su nemi sunayen waɗanda suka fi ƙoƙari a kowane sashe, a gayyace su da takarda, a yi ɗan biki a gaban iyayensu, kowa ya ɗauki alkawarin awa biyu a mako. Shi yana ganin in aka ce sai masu maki, za a ce ƴan girman kai ne, kuma akwai wanda makinsa tsaka-tsaki ne amma ya fi kowa iya fahimtar da yaro. Ya ce, "Yaya, nan ba Amurka ba ce, in ka ware mutum goma ka ɓata da ɗari." Na ce ya bar koyarwar a buɗe ga kowa, amma karramawar ta zama da ma'auni, in ba haka ba ba za ta ja kowa ba. Ya ce zai kai maganar wurin wani malaminsu na lissafi bayan jarrabawa, abin da malamin ya ce da shi za mu fara.