Baba mai amalanke

Sunana ne a takardar shagon, ni nake biyan haya da kuɗin wuta, amma duk wanda ya zo neman amalanke a shagonmu na unguwar Zariya, Baba yake tambaya. Har yanzu akwai mutanen ƙauye da ke zuwa ranar kasuwa su ce ina tsohon nan, sai in gaya musu ya rasu bara da damina.

Ya girme ni da kusan shekara ashirin. A hannunsa na koyi walda, ko sudur kamar yadda muke cewa nan Maraɗi. Da Allah Ya hore mini na buɗe nawa wurin, ya biyo ni, yana kirana maigida don tsokana, ni kuwa ban taɓa iya kiran sunansa ba.

Haɗa amalanke kowa na iyawa, inda za a ɗaura gatarin taya nan ne aikin yake. In ya yi baya da yawa, nauyin duk ya sauka a gadon bayan jaki, cikin wata guda ka ga gyambo. In ya yi gaba, a hawan tudu kayan su rinjaya baya, ɗamarar ta nemi ɗaga dabbar sama. Baba ba ya awo da mita. Sai ya sa yara su aza buhun gero uku, ya sa yatsa biyu ƙarƙashin hannun amalanken ya ɗaga. In bai gamsu ba a yanke a sake, ko mai kaya na tsaye yana huci. Na sha ce masa, "Baba, sandar walda fa kuɗi ce." Sai ya ce, "Jakin ba ya da bakin kai ƙara, maigida."

Da aka karya darajar sefa a 1994 sabon ƙarfe ya gagari talaka. Shi ya riƙa bin masu gwangwan yana tsinto gatarin tsofaffin Peugeot, ya wanke boris da kananzir, ya cika shi da giris. Wasu daga cikin amalanken nan suna ɗauko tubali daga bakin gulbi har gobe.

Abu ɗaya ke raba shi da aiki, kokawa. In an fara gasar takobi, wato gasar kokawa ta ƙasar Nijar, sai ya rataye rediyo a ƙofa, kowa ya kama bakinsa. Labarin yadda Kantu ya kawo wa Maraɗi takobin farko daga Tawa a 1975, na ji shi ya fi sau ɗari, kullum da ɗan ƙari. A gida kuma jajayen awaki yake kiwo, da kuɗinsu ya aurar da 'ya'yansa mata uku. Inna, matarsa, tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, shi ya ƙera mata kaskon suya daga gindin tsohon duro.

Idonsa ne ya fara gajiya, don gilashin walda sai ya ga dama yake sawa. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a 2023 aiki ya tsaya, na rage yara biyu, shi ya ce kada in biya shi sai injin ya tashi. Ban yarda ba, muka yi kwana biyu ba ya kula ni.

Autansa ne a wurinsa yanzu. Hannunsa na da kyau a walda, amma buhunan geron nan uku sai na tuna masa.