Asabar a gareji, da lissafin hanyar Bilma

Ina idar da sallar asuba na fita, don in riski Oga, bakanikenmu, kafin 'yan haya su yi masa dafifi. In rana ta ɗaga ba a samunsa shi kaɗai, sai da mutum huɗu biyar a kansa, kowa na cewa tasa za a fara dubawa. Hunturu ya fara leƙowa, gari hazo-hazo, titi fayau sai masu shayi da ke hura wuta. Na tarar yaran sun riga sun ɗaga motar sun zare tayoyin baya, ƙaramin cikinsu yana wanke notuna a kwanon kananzir.

Motar dai Land Cruiser ce, doguwar nan samfurin 78, irin fararen da ƙungiyoyin agaji ke shiga ƙauyuka da su. Ta hannu na saya, kuma injinta ne ya ja ni gare ta: 1HZ, dizal, silinda shida, lita 4.2, ba turbo ba kwamfuta. Tun 1990 Toyota ke ƙera shi. Ba shi da sauri, in an zo tudu sai an yi haƙuri da shi, amma daga Kano har Agadas da wuya ka sami bakaniken da bai san cikinsa ba, kuma yana shan man da sababbin injuna za su ƙi. Ga wanda zai yi nisa da gari, wannan ya fi gudu amfani nesa ba kusa ba.

Mu huɗu ne, kuma niyyarmu in Allah Ya yarda mu tashi cikin sanyin nan: Daura, Kongolam, Matamaye, Damagaram, Tanut, Agadas. Wannan duk hanya ce da motocin haya ke bi kullum, ko da ta farfashe a wurare. Abin da ake wannan aiki dominsa yana gaban Agadas, inda za a fuskanci gabas a ratsa hamadar Tenere zuwa Fachi da Bilma, kusan kilomita 600, ba kwalta ba gidan mai. Kakana fatauci ya yi. Kantun gishiri da dabino yake saye a hannun Abzinawa in ayarinsu ya sauko, kuma tun ina yaro nake jin sunan Bilma a bakinsa, alhali shi kansa bai taɓa taka can ba. Ina so in ga ramukan Kalala inda ake yin gishirin nan, da idona.

Wajen ƙarfe tara ɗaya daga cikin abokan tafiyar ya iso, fuska cike da murna, waya a hannu. Ya gano wata katuwar bamba ta ƙarfe a Ƙofar Ruwa, da injin janwe a jikinta, irin wanda ake zaro igiyar waya a ɗaura a wani abu mota ta ja kanta. Ga kuma hotunan motocin Ostireliya da ya tara: tanti a kan rufi, fitilu jere, tayoyi manya-manya. Ya ce, "Mutumina, in za a yi abu a yi shi sosai."

Oga bai musa masa ba. Ya yagi kwalin filta, ya zaro biro daga bayan kunne, ya ce, "Alhaji, ku matso mu yi lissafi tukuna."

A jikin motar akwai ɗan faranti da kamfani ya buga, wanda ya ce iyakar nauyinta, da ita da duk abin da ke cikinta, kilo 3,200 ne. Na auna ta a sikelin tireloli tana fanko, abin da ya rage mana bai cika tan ɗaya ba. Daga nan Oga ya fara zabge. Tankunanta biyu, lita casa'in-casa'in, 180 ke nan. A kwalta wannan zai kai mu nesa, amma a rairayi mai laushi, in an sa ƙaramar giya ana nishi, shan manta kan kusa ninkawa, don haka lita 25 a kowane kilomita ɗari muka ɗauka. Kilomita 600 sun cinye lita 150. Saura talatin, kuma talatin ba komai ba ne ga wanda zai iya ɓata hanya, ko ya kewaye tudun rairayi, ko ya ja motar ɗan'uwansa. Aka ƙara jarka huɗu masu lita ashirin-ashirin. Lita 260 ta dizal ta haura kilo 200. Ruwa lita 120, kilo 120 cif, shi ba ya ragi. Mu huɗu, kusan kilo 300. Safaya ta biyu, jak, sifanu, kayan gyara, baƙin mai, shinkafa, gari, tukunya, barguna. Kafin ya kai ƙasan kwalin wuri ya ƙare, nauyi ma ya kusa ƙarewa. Sai ya ɗago ya ce, "To, bambar nan da injinta sun kusa kilo ɗari. Wa za a bari a gida, ruwa ko mai?"

Abokina ya yi shiru. Ni kuma na ƙara da abin da ya daɗe yana raina game da injin janwe. Sai da abin ɗaurawa yake aiki, itace ko dutse. A dazukan da aka ɗauki hotunan nan akwai itatuwa ko'ina. A Tenere kuwa itace guda ɗaya tak aka sani a tsakiyar hanyar, wata ƙaya da ke tsaye kusa da rijiya, wadda ayari ke auna tafiya da ita, har aka sa ta a taswira saboda babu wata a kusa da ita. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai yanzu, a wurinta kuma an kafa ta ƙarfe. A irin wannan fili me za ka ɗaura wa igiya? Sai dai ka haƙa rami ka binne safaya ka ja da ita, kuma wanda ya iya haƙa wannan ramin ya iya haƙe tayoyinsa ya fita.

Ban ga laifinsa ba. Ido ne, yana son abu mai kyau, kuma motar da aka yi wa wannan ado tana da kwarjini. Amma duk abin da ka ɗora mata, sifirin da shokozoba da birki su za su biya, kuma a can za su biya, inda ba mai walda. Ra'ayina, wanda yau ya ƙara ƙarfi, shi ne gyaran motar doguwar tafiya rabinsa ragi ne. Mun cire dogayen kujerun baya na gefe, aka bar mazaunin mutum biyu a bayan. Mun cire matakalar gefe, wadda ba abin da za ta yi sai tokare ƙasa. Kariyar ɗora kaya ta kan rufi mun bar ta, amma da sharaɗin ba abin da zai hau sai tabarmi da barguna da allunan da ake sa wa taya in ta nutse a yashi, domin motar doguwa ce tun asali, kuma in nauyi ya koma sama, ranar da ta karkata a gefen tudu ba za ta dawo ba.

Aikin yau na gaske sifirin baya ne. Samfurin nan daga 1999 gabanta nannaɗaɗɗen sifirin ne, baya kuwa na ganye, kuma namu sun gaji, sun miƙe sun daina lanƙwasa. Da aka kwance na hagu Oga ya kira ni. Ya goge ganye na biyu da tsumma, ya karkata shi wajen haske, ya bi da farcensa daidai ramin kusar tsakiya. Ga tsaga nan siririya kamar gashi, ta ci rabin faɗin ƙarfen, bakinta ya yi tsatsa, alamar ta daɗe. A cikin gari da haka za a yi ta yawo shekara ba a sani ba. Da tan guda a kai, a kan hanyar nan mai ƙunya-ƙunya da ke girgiza mota har haƙori, kwana ɗaya ya ishe ta. Muka sa sababbi masu ƙarin ganye, da sababbin robobi, da shokozoba huɗu. Tsofaffin shokozoba biyu da suka fi dama-dama za mu tafi da su. Ɗagawar da motar ta yi ba ta wuce yatsu uku ba, kuma haka nake so. Abokina ya so a ɗaga ta sosai, Oga ya ce in an wuce haka sai an taɓa sitiyari da tiyon birki, kuma kowane abu da ka sauya daga yadda kamfani ya yi, ka rage yawan waɗanda za su iya gyara maka shi a hanya.

Azahar muka yi a masallacin bakin gareji, aka kawo shinkafa da wake daga wajen mai abincin layin, muka ci a tsaye.

Bayan nan aka shiga zancen taya, wanda shi ne ya fi ɗaukar lokaci. Motar ta zo da 7.50R16 masu tif, a kan wili mai zobe. Amfaninsu a fili yake: da ƙarfen ɓanɓare taya biyu da guduma mutum zai iya yin faci a ko'ina, kuma irinsu ne a ƙarƙashin yawancin motocin da ke wannan hanya. Matsalarsu tana wajen rage iska. Sirrin rairayi duk yana nan. Taya mai geji arba'in da wani abu tana yanka yashi ta nutse, in ka sauke ta zuwa sha takwas ko ƙasa da haka sai tafinta ya yi tsawo, ta hau kan yashin ta wuce. To mai tif in ta yi laushi haka, yashi kan shiga ta gefen zobe ya riƙa gurzar tif ɗin, wani lokaci taya ta zame a kan wili ta tsinke bakin iska. Marar tif ba ta da wannan, kuma hudar ƙaya ana toshe ta ba a cire taya ba, sai dai in ta ɓalle daga bakin wili mayar da ita sai da iska mai ƙarfi. Mai facin da ke maƙwabtaka da garejin ya zo ya sa baki, wani tsohon direba da ya yi shekaru yana lodin Agadas shi ma ya tofa nasa. Shi dai ya ce, "Ɗana, ka tafi da abin da mutanen can ke amfani da shi. In taka ta fashe a Dirku, can kusa da Bilma, irin tasu za ka samu." Maganarsa ce ta yanke. Mun tsaya a kan masu tif, sababbi shida, da tif huɗu na ajiya, da hoda da za a barbaɗa a ciki don rage gurza. Kuɗin da za a kashe a bamba ya koma kan famfon iska mai aiki da batir, mai kyau, da na ƙafa a bayansa ko da wancan ya ƙone, domin wanda ya rage iska dole ya mayar da ita da zarar an hau tsakuwa, in ba haka ba duwatsu su yanka gefen taya.

Sauran abubuwan ba a yi gardama a kansu ba. An sa ƙarin filtar mai mai ɗan kofi a ƙasa, wanda ke tare ruwa da datti kafin su kai famfon inji, tunda man da za mu saya a can daga durom ne. Bututun shaƙar iska da ke hawa gefen gilashi yana nan tun asali, mutane na ɗauka don ratsa ruwa kawai aka yi shi, alhali a wajenmu amfaninsa ya ɗauko iska daga sama inda ƙura ta fi sauƙi. An wanke lagireto, an sauya tiyoyinsa da fambel, tsofaffin sun shiga akwatin ajiya. Bel ɗin cikin inji ma sabo aka sa, domin a wannan injin in ya tsinke ana tafiya, bawul da fistin ne za su yi karo, tafiya ta ƙare ke nan.

Da la'asar aka mayar da tayoyi. Oga ya sa yara suka loda buhunan yashi a baya daidai nauyin da muka lissafa, muka fita bayan gari muka sami wata hanyar burji da damina ta cinye. Na saurara sosai. Ba ƙara, ba dukan ƙasa, bayanta ya zauna daidai da gabanta. A wani kwari mai yashi na tsaya na sauka na murɗa makullan tayoyin gaba, na sa ƙaramar giya, ta haye ba tare da na taka ta da ƙarfi ba. Oga na gefena bai ce komai ba sai da muka juyo, sannan ya ce a sake ɗaure notunan sifirin bayan an yi tafiyar kilomita ɗari biyu zuwa uku, don sabon ganye yakan zauna.

Akwai abin da gareji ba ya gyarawa, kuma shi uwargida ta tare ni da shi bayan isha'i, tun kafin in wanke baƙin man da ke hannuna. Ta ce, "Maigida, motar na ji, hanyar fa?" Tana da gaskiya. Gaban Agadas ba wurin da mota ɗaya ke shiga ita kaɗai ba ne, ba kuma a shiga ba izinin hukuma. Na gaya mata yadda muka tsara: motoci biyu aƙalla, da jagora ɗan ƙasar wanda ya san rijiyoyi, da wayar tauraron ɗan'adam tunda sabis yana yankewa, kuma in an ce sai da rakiyar sojoji to da ita za mu tafi. In muka isa aka ce hanya ba ta da kyau, za mu ziyarci babban masallacin Agadas mai doguwar hasumiyar ƙasa, mu gaisa da mutane, mu juyo. Ta ce in rubuta mata wannan na ƙarshen a takarda. Na rubuta na sa hannu.

Litinin mai walda zai zo. Zai yi wa jarkoki mazauni a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure su da kusa a jikin bodi yadda ba za su motsa ba. Tankin ruwa ba za mu yi guda ɗaya babba ba, jarkoki shida za a raba shi, don in ɗaya ta huje a yi asarar lita ashirin kawai. Sai batir na biyu da mai wayarin zai haɗa da makunnin raba su, yadda fitilar zango da cajin waya ba za su taɓa na tayar da mota ba. Na ce wa abokina ya mayar wa mai bambar nan amsa tun gobe, kada mutumin ya yi ta ajiye mana ita.